Yarinyar Da Ta Daina Tambaya

Litinin, 3 ga Maris

Yau na yi abin da bai kamata ba. Ina koyar da darasin taurari a aji uku, na ce musu a cikin taron taurarin da ranarmu take ciki kaɗai akwai taurari sama da biliyan ɗari. Sai yarinyar nan ta layin gaba, wadda suke kira Sarkin Tambaya, ta ɗaga hannu. Wai Malam, in haka ne dole akwai wasu halittu masu hankali a can, to me ya sa har yau ba mu ji ɗuriyarsu ba?

Ban sani ba. Shekara goma sha shida ina riƙe da alli, ban taɓa tunanin abin ba. Maimakon in faɗi haka sai na ce, ke da kike 'yar uwarsu ai ke za ki gaya mana. Aji ya kwashe da dariya. Ni ma na yi. Ta zauna.

Talata, 4 ga Maris

Sun sauya mata suna, Baƙuwar Sama. Na ji ana kiranta haka a bakin famfo, na wuce kamar kurma.

Alhamis, 6 ga Maris

Na ba matata labari ina nema ta ce ba komai. Tana guga, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce borin kunya ka yi, Malam, kuma a kan 'yar mutane. Na ce wasa ne. Ta ce to ita ta yi dariyar? Na fita duba tayar babur da lafiyarta ƙalau.

Asabar, 8 ga Maris

Na wuni ina karatu a waya kamar mai jarrabawa. Ashe manyan masana ma sun daɗe suna wannan tambayar, kuma ba wanda ya san amsa. Wasu sun ce nisa ne, saƙo zai yi shekaru dubbai a hanya. Wasu sun ce mu ne ba mu daɗe da kasa kunne ba, shekara sittin da 'yan kai, kuma wataƙila ba inda ya dace muke saurare ba. Wasu sun ce halittun ne suke hallaka kansu tun kafin su kai ga magana.

Akwai amsa ta ƙarshe da ta fi damuna. Wai suna nan, amma kowa ya yi shiru don tsoro, saboda wanda duk ya fara ɗaga murya shi ake kai wa duka. Na kife wayar.

Litinin, 10 ga Maris

Na ce akwai tambaya? Yara arba'in da biyu, ko tari babu. Da ma ita ce mai buɗe musu hanya. Na kuma lura da yadda nake tambayar: ina goge allo, na ba su baya, jakata a hammata.

Talata, 11 ga Maris

Shugaban makaranta ya miƙo min takarda. Yarinyar tana so ta bar ajin kimiyya, sa hannuna kawai ake jira zuwa Juma'a. Ya ce ba ita ce ta ɗaya a ajinka ba? Me ya faru? Na ce ka san yaran yanzu. Kai, ni ma dai! Wallahi na ji kunyar kaina tun kafin in rufe baki.

Laraba, 12 ga Maris

Na ajiye darasin yau, na rubuta tambayarta a allo da manyan baƙaƙe. Na zayyana musu amsoshin duka. Sannan na ce ranar nan ban san amsa ba, shi ya sa na yi mata dariya, kuma tambayarta ta fi duk abin da na koyar a ranar. Na juya wajenta. Na ce ki yi haƙuri. Kanta na sunkuye, tana murza murfin biro.

Na ce akwai tambaya, na tsaya ina kallonsu. Na ƙirga talatin a zuci. Shiru. Ashe talatin tana da tsawo haka.

Alhamis, 13 ga Maris

Ba ta zo ba.

Juma'a, 14 ga Maris

Ta same ni a ofishin malamai bayan tashi. Na zaro takardar, na ce in har yanzu kina so, ga biro nan zan sa hannu, amma ni ba na so. Ta miƙo hannu. Ta karɓa haka nan babu sa hannu, ta ninke ta cusa cikin littafi. Ba ta ce ta fasa ba, ni kuma ban matsa ba.

Har ta kai ƙofa ta juyo. Da ƙyar nake jin muryar. Wai Malam, to idan su ma sauraro kawai suke yi kamar mu fa, wa zai fara magana?

Na ce ban sani ba, ki kawo ta aji ranar Litinin.

Sau biyu ke nan a mako ɗaya na faɗi kalmar nan. Ban mutu ba.