Izinin da Na Ba Ruƙayya

Ɗanbatta, Talata, bayan sallar isha'i.

Yau kwana uku da rasuwar Ruƙayya. Ranar Asabar ta cika shekara ashirin da uku, ta bar makarantarsu a Masar tare da ƙawayenta zuwa wani gari na bakin teku, igiyar ruwa ta tafi da ita.

Ɗazu wurin zaman makoki Yaya Sani ya ja ni gefe. "Malam, ka ce zazzaɓi ne. Bikin ranar haihuwa ba namu ba ne, mutane za su yi da ita."

Ba zan lulluɓe 'yata da ƙarya ba. Ta nemi izinina, ni na ba ta. Duk mai magana ya zo ya same ni.

Can Masar aka binne ta. Har yanzu ban tsaya bakin kabarinta ba.