Katin da Na Cusa a Ƙarshen Tulin

Assalamu alaikum, Edita da masu karanta wannan fili. Wani yaro da na isa haifa ya mayar da ni abin dariya a gaban ofis guda, na rama, kuma har yau ban ce masa yi haƙuri ba. Ku dakata da hukunci sai kun ji ƙarshe.

Ina da shekara talatin da huɗu na shiga ajin yaƙi da jahilci, bayan rasuwar maigidana. Shekarar da aka koma tuƙi ta hannun dama na samu aiki a rajistar wata ma'aikata a nan Kaduna. Da aka kawo inji mai ƙwaƙwalwa, kwamfutar nan, aka koya mini huda kati: kowane ma'aikaci katinsa guda, lambarsa a gaba, sai suna da matsayi da bayani. Wanda ya rubuta wa injin umarninsa zan kira shi Bala, bai daɗe da fitowa jami'a ba. Umarni biyu ya tsara. Na ajiya, ka ba shi lamba da bayani ya adana a faifai. Na ɗaukowa, ka ba shi lamba ya buga maka abin da ke ƙarƙashinta.

Ni na lura cewa in kati biyu suka zo da lamba ɗaya, na baya yana shafe na farko, injin bai ce uffan ba. A rajista ba ma haka. Ka ga fayil biyu lamba ɗaya sai ka tsaya ka tambaya. Na faɗa masa cikin mutunci. Ya juya ga 'yan ofis ya ce, "Ku zo ku ji, Gwaggo Abacada za ta koya mini aikina. Gwaggo, ki huda kati kawai, tunanin ki bar mana." Har masinja ya yi dariya. Sunan ya bi ni har bakin titi inda nake jiran mota. Me na yi masa? Laifi ne mutum ya koyi karatu da furfura?

Ana saura kwana biyu Babban Sakatare ya zo ganin aikin, na huda kati ɗaya na daban. Na sa lambar Babban Sakataren, na bi ta da bayanin wani direba da aka kora saboda shaye-shaye. Na cusa shi a ƙarshen tulin, injin ya haɗiye, na zare abina na ƙulle a bakin zane. Ranar, Bala ya sha babbar riga, ya roƙi mai girma ya faɗi lambarsa. Takarda ta fito, Bala da kansa ya fara karantawa da ƙarfi, sai da ya kai "an sallame shi, maye a bakin aiki" muryarsa ta ɗauke. Ina tsaye a baya, wallahi daɗi na ji har cikin ƙashina. Abin kunya ne, amma ba zan yi muku ƙarya ba.

An ƙirga katunan, an duba, duk daidai. Laifi ya koma kan umarnin Bala. An dakatar da shi, an kafa kwamiti, Litinin za su zauna, kuma kowa ya san kora ce.

Shekaranjiya bayan la'asar matarsa ta same ni a gidana a Unguwar Dosa, da tsohon ciki, ƙafa duk ta kumbura. Ta durƙusa ta ce Bala ne ya aiko ta, shi kunya ta hana shi zuwa. Wai ya daina cin abinci, ya zauna yana bin umarnin layi-layi yana neman inda ya yi kuskure. Wai an ce su shirya barin gidan gwamnatin da suke ciki.

"Inna," ta ce, "ya ce duk ofishin ke kaɗai kika gane injin nan. Ko akwai abin da kika gani?"

Katin yana cikin kwanon da ke saman kanta. Na ba ta ruwa, na ce ni jahila me zan gani, aikina huda kati ne, tunani na masu digiri ne. Na ce ta faɗa masa haka, kada ta rage ko kalma. Ta tashi da ƙyar, ta yi mini godiya. Ita me ta yi mini? Amma in na fito da gaskiya ni za a kora, 'ya'yana uku wa zai riƙe su? Kuma a ce dama an faɗa, 'yar yaƙi da jahilci ba ta dace da ofis ba?

Da gari ya waye na jefa katin a murhu, na dafa kokon yara a kansa. Sannan na tafi ofis, na sami magatakardan kwamiti, na rubuta sunana da hannuna cikin masu ba da shaida. Yanzu ba abin da zai wanke Bala sai bakina, kuma ban san abin da zai fito daga cikinsa ran Litinin ba. Me zan yi?