Layar Tsuntsu a Ƙugun Ɗana

Apa Dilruba, babbar yaya, don girman Allah ki taimake ni. Ban iya rubutu ba, matar da ke mana allurar rigakafi ce take rubutawa ina faɗa.

Mijina masunci ne. Da sanyi, in teku ta janye, yakan ɗana wa tsuntsaye tarko a taɓo. Ya san an hana, to amma baki sai da ci. Wata biyu ke nan da ya kamo wani tsuntsu mai dogon baki lanƙwasasshe, irin baƙin nan masu zuwa su koma. Ina figa na ga wani abu ɗaure a bayansa, baƙi, bai kai akwatin ashana ba, fuskarsa kamar gilashi, da siririn gashi guda ɗaya. Surukata ta ce laya ce, tsuntsun da ya keto duwatsu da teku bai faɗi ba ai da shirinsa. Ga ɗana Tuhin, wata tara, gudawa ta tsotse shi, kuma bara na binne yayarsa. Muka zura abin a baƙin zaren ƙugunsa. Tsuntsun kuwa muka ci da shinkafa.

Apa, yaron ya warke. Wallahi ya warke. Kullum da hantsi in shafe shi da mai in kwantar da shi a rana, yana ta wutsil-wutsil.

Sai ga mutane. Maza biyu, mace ɗaya, rana tsaka, sun tsaya a kan gaɓa ba sallama. Su dubi waya, su dubi rufinmu, su dubi bishiyar kwakwa. Washegari ma haka. Na saɓi yaron na faɗa kwalekwale sai gidan innata, tsallaken kogi, ko mijina ban gaya wa ba. Kwana uku, ina shanya kifi, na ɗaga kai, ga su a bayan danga. Macen ta daɗe tana duban sama, sannan a hankali ta sauko da idonta kan Tuhin. Na sure shi na kulle ɗaki.

Wa ya gaya musu? Innata ta ce masu tsuntsun ne, ba mutane ba ne, fansa suka zo karɓa. In na cire, ciwo ya dawo. In na bari, su dawo. In na yi magana, a kama mijina. Ya zan yi?

Uwar yaro, daga bakin teku

Ƙanwata,

Sauke numfashi, mutane ne. Aikinsu ƙirga tsuntsayen da ke zuwa gaɓarmu da bin hanyar da suke bi. Abin nan na'ura ce da suke ɗaura wa tsuntsu. Hasken rana take sha, ta aika musu inda take. Duk hantsin da kika shanya Tuhin, kiransu kike yi. Su a ganinsu tsuntsunsu ya bar taɓo ya tare a tsakar gida, har ya tsallaka kogi. Su ma a ruɗe suke.

Ban ga laifin surukarki ba, wadda ta binne jika ko kara ta samu riƙewa za ta yi. Amma cire abin yau, kafin yaro ya kai shi baki. Zaren ki bar masa. Gudawa takan tafi ta dawo, da laya ko babu. Wadda ta rubuta miki wasiƙar nan ta san maganinta, ki tambaye ta da zarar kin gan ta.

Batun mijinki ba zan yi miki alkawari ba, don laifi ya yi. Sai dai waɗannan ba 'yan sanda ba ne, kuma ta hannun mai allurar za ki iya mayar musu da kayansu. Ki koma gida, mijinki yana can bai san inda kuke ba. Tarkon kuwa ya kwance shi da hannunsa.

Allah ya raya Tuhin, ya ba ki jikokinsa ki goya.

Apa Dilruba