Tambayar da Ba Ka Kai ga Yi Ba

Zuwa ga mijina, Baban Yagana,

Assalamu alaikum. Na san ba za ka karanta wannan ba. Amma jiya na wuni cikin masu rai ba wanda ya saurare ni, to bari in gwada ka.

Gida lafiya. Dalbejiyar da ka dasa ta wuce katanga. Hajiya tana nan da ciwon gwiwarta. Yagana ta shiga aji huɗu, kuma saboda ita nake rubutun nan. Da kana nan ta biyar take zuwa, bana ta zo ta talatin da takwas. A ajinsu kuwa da sakamako ake raba wurin zama: na ɗaya a gaban allo, na ƙarshe a jikin bangon baya. Yanzu 'yarka tana can kusa da tsintsiya da bokiti.

Jiya Asabar aka yi taron iyaye da malamai. Ka san halinsa. An ce ƙarfe tara, aka fara sha ɗaya saura. Liman ya yi addu'a, fasto ya yi. Shugaban makaranta ya yi jawabi da Turanci, aka maimaita da Hausa, aka sake da Kanuri, don kowa ya samu ya gaji da yarensa. Sannan aka shiga babban batu: safar yara fara za ta zama ko ruwan toka? Wani mai digiri biyu ya yi minti ashirin yana kare ruwan toka.

Da aka kira azahar na tare malamar ajinsu a bakin ƙofa, na tambaye ta me ya ja Yagana baya haka. Sai ta kama hannuna ta yi mini ta'aziyyarka. Wata goma sha huɗu fa, Baban Yagana! Na sake tambaya, ta ce ai marainiya ce, shi ya sa ba sa takura mata. Ba a kiranta gaban allo, ba a tambayarta aikin gida. Wato sun tausaya mata har sun daina koyar da ita. Na roƙi a dawo da ita gaba, ta ce doka ce, sai ta ci jarrabawa za ta matso. Daga can baya za ta ci? Ni kuma, da digirina da kaifin bakina, godiya na yi na hau keke napep na koma gida Bulumkutu.

Ga abin da ban taɓa amsa laifinsa ba. Ka tuna ƙaramin littafin nan mai shuɗin bango da kake zuwa taro da shi? Tambaya uku kake rubutawa tun daga gida, ka riga kowa zuwa, ka samu malamar aji kafin a kunna lasifika, ka ce a nuna maka littattafan yarinya. Ni dariya nake yi maka, ina kiranka sufeto. Ko sau ɗaya ban raka ka ba. Cewa nake ba ni da Asabar ɗin zubarwa.

Da na dawo na tone akwatinka na ɗauko shi. A shafin ƙarshe akwai tambayoyin taron da ba ka kai ba. Biyu a kan lissafi ne. A ta uku ka rubuta cewa Yagana tana ƙanƙance ido idan tana kallon talabijin, a tambayi malama ko tana ganin allo sosai.

Na tsayar da Yagana a ƙofar falo, na nuna mata kalandar bango. Ko sunan wata ba ta iya karantawa ba. Ta ce ta daɗe tana gani haka, ta ɗauka kowa ma haka yake gani.

Me ya hana ka gaya mini? Ko ka faɗa ne ina danna waya? Fiye da shekara ina cewa kewarka ce, malamai suna cewa maraici ne, ashe yarinya allo ne ba ta gani. Ni da nake tsinto kuskuren Turancin shugaban makaranta daga layi na goma.

Litinin zan kai ta a duba idonta. Talata zan je makarantar kafin a buga ƙararrawa, ba taro, ba lasifika. Duk wanda ya sake yi mini ta'aziyya zan ce amin, sannan in buɗe masa littafinka. Na riga na ƙara tambaya ta huɗu a ƙasan rubutunka: a wane benci za ta zauna yau?

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka. Haushinka nake ji, sufeto, amma haushin kaina ya fi.

Matarka,
Hadiza, Maman Yagana