Jiƙaƙƙen Buhu a Kan Ampili

Gaya, daren Lahadi, watan Afrilu

Ampilina, akwatin da ke ƙara sautin jitata ta bas, ya ƙone yau a Tunuga, ana tsakiyar biki.

Fankar cikinsa ce mafari. Ta daɗe tana gurnani kamar injin niƙa, har Idi mawaƙinmu ya ce, "Ko ka rufe mata baki, ko mu nemi wani mai kaɗa bas." Na goge ta, na ɗiga mata man keken ɗinki, na yanko robar tsohuwar taya na sa ƙarƙashin kusoshinta. Duk a banza. Sabuwa sai Malanbil, can tsallaken iyaka, gadar kogin kuwa a rufe take tun hawan soja.

Da safe haushi ya sa na cire wayarta gaba ɗaya. Tsit. Har murna na yi, ni wawa.

Bayan la'asar ƙarfen ampilin ya yi zafi, ba ya taɓuwa. Kawun amarya ya ga ina masa fifita da kwali tsakanin waƙoƙi. Ya ce, "Ɗana, bari in taimake ka." Ya kwanto jiƙaƙƙen buhun da ake naɗe jarkar ruwan sha, ya lulluɓe ampilin ruf, har ƙofofin iska. Ina ganinsa. Amma ta yaya zan ce wa dattijo a gidansa ya ɗauke hannunsa? Ba a jima ba sai wari, sai hayaƙi.

A mota Idi ya juya mini ƙeya har Gaya. Da ma zagina ya yi.

Ga ampilin nan a lungun ɗaki, yana ƙauri. Shiru na nema, Allah ya ba ni, har da nawa a ciki.