Ni ce malamar wayar da ta ce a jira

Assalamu alaikum mai wannan shafi da masu karatu. A ɓoye sunana, kuma don Allah ku ji ni kafin ku zage ni, don na riga ku zagin kaina.

Ni nas ce a wani asibiti a Haɗeja. Da goyo a bayana na shiga ajin manya har na kawo nan, kuma kowa ya san ni da baki, ko likita ba na raga wa. Bana na ƙara wani aiki daga gida, asibitinmu ba su sani ba. Mutane su kira waya su faɗi ciwo, ni in ce a garzaya asibiti ko a jira.

Ran nan da la'asar ina kan tukunya wata mata ta kira daga wani ƙauye bayan Auyo, inda ruwa ya cinye hanya, sai kwalekwale. Ta ce, "Malama, yaron nan ne jikinsa da zafi." Na ce, "Ɗanki ne?" Ta ce, "Na gidan nan ne." Murya a sake, ko rawa babu, ina jiyo wata tsohuwa kusa da ita. Akwai tambayoyin da aka ce dole mu yi, yana shan ruwa, ya yi jijjiga? Ko ɗaya ban yi ba. Na ce a raina da abin ya yi tsanani uwarsa ce za ta kira tana kuka. Na ce ta ba shi maganin zazzaɓi, kada su hau ruwa a banza.

Shekaranjiya aka shigo da wani yaro ɗakinmu na asibiti a sanƙare, bai san wanda ke kansa ba. Uwar na buɗe baki na gane ita ce ta kira ni. Ashe ɗan farinta ne! A gaban surukarta ta kira, ta yaya za ta ce "ɗana"? Ni da har yau ban taɓa kiran sunan nawa ɗan farin ba, ni ce zan kasa gane kunya?

Likita ya yi mata faɗa. Mijin ya ce, "Ke kika zaunar da shi." Ta ce, "Wallahi malamar waya ce ta ce a jira." Ya ce, "Wace malama? In yaron nan ya tafi, daga nan ki wuce gidanku."

Ina tsaye da sirinji a hannu.

Tun ranar na daina magana a ɗakin, da kai nake amsawa, don kar ta gane muryata. In na faɗa, aikin da na sha wuya a kansa ya tafi, kuma ban san abin da dangin za su yi min ba. In na yi shiru, aurenta ne zai biya laifina. Yaron bai farfaɗo ba har yanzu.

Yau da safe ta riƙe min hannu ta ce, "Sista, Allah ya biya ki. Amma ke kam ba kya magana ne?"

Gobe ma ni ce a ɗakin. Jama'a, me zan yi?