Ɗaya Gefen Hélène

Ƙanena Fidèle,

Gaisuwa daga Kumasi. Ina Odette da yara? Gero ya yi kyau a Matankari? Ni lafiya lau, gadi na tafiya, tarin nan ne dai bai sake ni ba.

Shekarar da anka sauke tutar Nasara na auri Hélène, bayan ta gama takabar Alphonse. Damina biyar kaɗai na samu da ita, shi ashirin. An karanta mini takardarka sau uku. Na gode da kunka yi mata sutura ba na nan. Amma Fidèle, duk faɗin makabartar mishan, sai kusa da Alphonse kunka ga wuri?

Fada ya ce Yesu ma ya yi kuka bakin kabari, tausayinsa ya ishe mu duka, kuma ranar tashi babu aure. Na yarda za ta tashi. Amma in ta buɗe ido, Alphonse za ta fara gani.

Ka jera duwatsu ɗaya gefen nata, kada a sa kowa. Allah shi yi maka albarka. Gobe da safe zan mai da wa maigida kulkinsa, in nemi motar gida.

Wanka,
Félix